Sabon Gida: Damina Ce Alƙalinsa

Babu ranar da ta fi wa magidanci daɗi kamar ranar da aka miƙa masa mabuɗin gidan kansa. Shekara da shekaru yana biyan haya, yana tara kwabo bisa kwabo. Uwargida ta sayar da awakinta ta ƙara masa. Yau ga shi tsaye a ƙofar gida, fenti yana ƙanshi, yara suna guje-guje suna zaɓen ɗaki. Amma fa a ranar nan ce idon mutum ya fi rufewa. Farin ciki ba ya barinsa ya ga tsaga, kunya kuma ba ta barinsa ya yi tambaya.

Ya mai karatu, ko kana Sabon Garin Kano, ko Wusasa, ko Funtuwa, ko Maraɗi, zo mu shiga cikin birnin Kano mu koyi duban sabon gida. Can ne makarantar wannan sana'a. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga wajen 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa. Gidan Rumfa, inda sarki yake zaune, tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, 1463 zuwa 1499. Mutanen da suka yi shekara 900 suna gini da ƙasa sun san abokin gāban gida, sun san ƙofofin da yake bi. Abokin gāban nan kuwa ruwa ne.

A Kano ana gini da rani. Kusan dukan ruwan shekara yana sauka cikin wata 4, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuwa ya fi kowanne. Saboda haka gidan da aka gama a watan Maris bai taɓa ganin jarrabawa ba. Aikin mai duba shi ne ya tambayi gidan tun da rani abin da damina za ta tambaye shi.

Tsohon da ya nemi bokiti

Wani abokin aikina, haifaffen cikin birni, ya yi cinikin sabon gida a wani lungu arewa da Kasuwar Kurmi. Mai gidan ya rushe tsohon kango ya gina ɗaki 3 da bulo, ya bar tsohon soro ɗaya da katangar baya, ya shafe su duka da siminti, ya yi fenti. Abokina ya biya rabin kuɗi, saura rabi ranar karɓar mabuɗi. Mahaifinsa ya ce kada ya ƙara ko sisi sai wani tsohon magini, abokinsa, ya zagaya gidan. Ni ma aka ce in zo in yi rakiya. Cikin watan Afrilu ne, rana kamar ta narka mutum.

Tsohon ya iso da sandarsa. Bayan gaisuwa abokina ya ce, "Baba, bismilla, shigo ka ga falo."

Tsohon ya ce, "Ɗana, falo ba ya gudu. Samo mini bokiti biyu cike da ruwa, da tsani, da ƙusa guda. Ka kuma kira maiɗakinka, gama ita za ta wuni a gidan nan, kai kwana kaɗai za ka yi."

Sa'an nan ya juya mana baya, ya koma cikin lungu. Ashe duban gida daga waje yake somawa.

Ƙasar da gida ya hau

Abu na fari da ya duba shi ne bangon maƙwabta. Tsohon bango ba ya ƙarya. Inda ruwa ya saba kwanciya za ka ga layi a gindinsa, ƙasa da layin ya yi duhu ko ya zaizaye. Ka auna layin nan da dokin ƙofar sabon gida. Idan dokin ƙofa ya fi shi ƙasa, to, ruwan lungu baƙonka ne kowace shekara. A cikin birni lunguna suna ta hawa, gama ana ta zuba ƙasa da ɓaraguzai, har wani gida tsakar gidansa ta koma ƙasa da hanya.

Abu na biyu, ya tsai da wata tsohuwa mai wucewa ya ce, "Iya, da can mene ne a bayan gidan nan?" Ta ce kududdufi ne, a gabanta aka cike shi.

Wannan tambaya tana da nauyi. Ƙasar da aka gina birnin Kano da ita, daga cikin birnin aka haƙo ta. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ba da labarinsu, da na Jakara wadda ta ratsa gari. Kududdufi yana da sauro da wari, amma shi yake shanye ruwan unguwa. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka dinga cike su da shara ana sayarwa. Illa biyu ke nan. Ruwan da ya rasa gidansa yakan nemi na mutane. Shara kuma ba ta ɗaukar nauyi. Tana ruɓewa, tana lotsawa a hankali, ginin da ke bisanta yana binta.

Ba a hana gini a irin wurin nan ba, amma sai an haƙa harsashi har an tarar da ƙasa ta ainihi, ko kuwa injiniya ya tsara tushe na musamman. Ka tambayi wanda ya haƙa, ka tambayi leburorin da suka yi aikin, ka tambayi maƙwabcin da ya gani. Harsashi ne kaɗai ba za ka iya gani da idonka ba, shi ne kuwa ba ya gyaruwa da araha.

Da muka shiga, tsohon ya tsaya a tsakiyar tsakar gida ya juye bokiti ɗaya. Muka zuba ido. Maimakon ruwan ya nufi rariya ya fita kwata, sai ya lallaɓa ya kwanta a gindin katangar baya. Tsohon bai ce kome ba. Ya dubi abokina, abokina ya dubi ƙasa. Ka yi haka a tsakar gida, da makewayi, da wurin wanke-wanke. Ka bi ruwan da ƙafarka har ka ga inda ya fita, ka kuma ga ko kwatar waje tana da inda take kai shi.

Bango

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma tsaga iri-iri ce. Akwai siriri kamar gashi, mai rassa ko'ina kamar saƙar gizo. Wannan na shafe ne, ya bushe da gaggawa, gyaransa ba wuya. Akwai kuma wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ana ganinta ciki da waje. Wannan daga ƙasa take, tana cewa wani gefen gidan yana nutsewa. Idan tsinken ashana ya shiga, ka ja layi da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan mako 4 ka ga ko ta wuce layin. Idan fensirin kansa ya shiga, kada ka tsaya gwaji, kira injiniya.

Ka buɗe kowace ƙofa da kowace taga, ka rufe. Ƙofar da take cije wa a sama, ko wadda aka fere gefenta kwanan nan don ta shiga, tana iya zama shaidar bango ya motsa. Ka ɗaura ɗan dutse a igiya ka sako shi daga saman bango, za ka ga ko bangon a miƙe yake. Inda ka ga fenti ya fi na kewaye sabunta, ka tambaya me aka rufe.

Da ƙusar nan tsohon ya karci bulo a inda shafe bai kai ba. Bulo mai kyau ƙusa takan bar masa ɗan layi kawai. Wanda aka yi wa rowar siminti kuwa sai ya dinga zuba kamar gari. Idan akwai ragowar bulo a wurin, ka ɗaga guda zuwa ƙugu ka sake shi. Nagari yakan tsaya, ko ya rabu biyu. Na banza yakan watse.

Da muka zo katangar baya sai ya bi ta yana ƙwanƙwasawa da sanda. Wani wuri ta amsa da ƙarfi, wani wuri ta yi ƙara kamar ganga. Ya ce, "Ɗana, ka ji? An sa wa tsohuwa rigar da ba tata ba."

Ga abin da yake nufi. Bangon tubali yana shan laima yana kuma fitarwa. Magina na dā suna yi masa kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, su shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna tafiya tare da ƙasa. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa sosai. Yakan rabu da ita ta ciki, ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki kunu. Ranar da zai faɗi ba ya sallama. Idan tilas ne a sa siminti a bangon ƙasa, sai a kafa ƙusoshi da ragar waya don ya sami abin kamawa, a rufe kan katangar da kyau, a kuma yi mata dakali a gindi don ruwan da ke fantsama kada ya ci ƙafarta.

Kada wani ya ce ginin ƙasa ne ba shi da kirki. Je ka dubi Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, ka kuma tuna da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina wajen shekarun 1830. Ginin ƙasa yana rayuwa muddin ana yi masa yaɓe. Ganuwar Kano kanta, inda aka daina kula da ita, ruwa da mutane sun cinye ta.

Rufi

Sai aka jingina tsani. Tsohon ya hau kan soro da bokiti na biyu, mu muna riƙe da numfashi. Rufin soro ba a shimfiɗe yake sarai ba. Ana ba shi ɗan gangare zuwa indararo. Ya zuba ruwan, ya ga ya tafi, amma indararon gajere ne, ruwan yana sauka yana lasar bango. Indararo yana bukatar tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin gini, a kuma liƙe wuyansa da kyau, gama nan yoyo ya fi somawa. Ka dubi rawanin soro, watau ɗan bangon da ya kewaye rufin, ko ya tsage.

Daga ciki ka ɗaga kai ka dubi azara. Azarar kirki daga giginya take, magina kuma sun fi son ta namijin giginya, gama ta fi tauri, gara ba ta cika damunta ba. Azara ba ta son a miƙa ta fiye da wajen ƙafa 6 ba tare da mataimaki ba. Shi ya sa magina suka ƙago tauyi da bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe ɗaki mai faɗi. Idan ka ga azara ta yi ciki, ko ƙusa ta nutse cikinta da sauƙi, ko ka ga hanyar gara ta hau bango, kada ka kwantar da yaro a ɗakin.

Ɗakunan kwano kuwa dubansu da tsakar rana ne. Ka leƙa ta ƙofar silin, ko ka sa a cire guda. Duk inda ka ga haske kamar tauraro, nan ruwa zai bi. Ƙusar kwano a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwari inda ruwa yake gudu ba. Ka duba ko kwano ya hau kan ɗan'uwansa sosai, ko an shafa wa katako maganin gara. Mafi girma duka, ka duba ko an ɗaure katakon rufi da bango da langalanga ko rodi. Iskar farkon damina, ta Mayu da Yuni, ba ta tambayar kwanon wane ne. Rufin da aka aza kawai aka danne da bulo, a gidan maƙwabci za ka tsince shi.

Idan bene ne mai rufin kankare, ka dubi ƙarƙashinsa da ginshiƙai. Rodi bai kamata ya leƙo ba. Kankare mai ramuka kamar saƙar zuma ba a cusa shi da kyau ba. Ka tambaya kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa, gama yana bukatar aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba a lissafa shi cikakke sai ya kwana 28. Ka tambaya hawa nawa aka tsara harsashin ya ɗauka. Ran 30 ga Agusta 2022 wani bene mai hawa 3 da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut, a wajen ganuwa, aka yi hasarar rai, mutane suka ji rauni. Bene ba abin duban ido kaɗai ba ne. Ka biya injiniya mai rajista da COREN, ko magini mai rajista da CORBON, ya duba ya rubuta maka. 

Abin da uwargida ta gani

Muna can muna kallon sama, matar abokina tana kallon ƙasa. Ita ce ta ce, "Baba, rijiyar nan ba ta yi kusa da masai ba?" Aka taka, taki 6 ne tsakani. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a bar wajen mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, idan wuri ya ƙure kada ya gaza 15. A cikin birni, inda gida yake jingine da gida, da wuya a sami haka. Ka tuna kuma masan maƙwabci yana iya zama bayan katangarka. Idan haka ne, ruwan rijiyar na wanki ne. Na sha sai an tafasa ko an sa masa magani, gama ta nan amai da gudawa da taifot suke shiga gida. Rijiya kuma ta sami baki mai tsawo da murfi mai nauyi saboda yara.

Ita ce kuma ta lura madafa ba ta da tagar da hayaƙi zai fita, matakalar soro ba ta da abin dafawa, ɗaki ɗaya kuma tagarsa guda ce, iska ba ta da inda za ta ratsa. A garin da sanƙarau yake zuwa da zafin bazara, ɗaki marar iska ba ƙaramin aibi ba ne.

Wutar lantarki ma a gwada ta. Ka kunna kowane makunni, ka sa fitila ko rediyo a kowane soket. Ka sa mai gyaran wuta wanda ba shi ya yi aikin ba ya duba kaurin waya, ya kuma nuna maka inda aka binne wayar ƙasa. Idan akwai famfo, a buɗe duka, a dubi bango inda bututu ya bi ko ya jiƙe.

Maƙwabci da takarda

Akwai aibin da ba ya cikin bulo. Indararon da yake zuba cikin gidan wani, da tagar bene da take kallon tsakar gidan maƙwabci, da katangar da ba a san mai ita ba, duk shari'a ce take jiranka. A cikin birni ana kiyaye sirrin gida ƙwarai. Ka gyara waɗannan tun kafin ka tare, ka shiga unguwa da fuska fari.

Yawancin gidajen birni na gado ne. Ka tabbata dukan magada sun yarda da cinikin, mata da maza, a rubuce, gaban shaidu da mai unguwa. Ka nemi ganin izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birni ta Jihar Kano, ka kuma bincika takardar filin a ofishin ƙasa. Ka kiyayi filin da ya hau ganuwa, ko hanyar ruwa, ko makabarta. A watan Yuni 2023 gwamnatin jihar ta rushe gine-gine da dama waɗanda ta ce a filin jama'a aka yi su, har da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata. Gini ya yi kyau yadda ya yi, idan ƙasar tana da magana, barcinka rabi ne.

Kada ka biya duka

Da muka gama, tsohon ya zauna bisa dakali ya sa abokina ya rubuta abin da aka gani ɗaya ɗaya. Aibi 11 aka lissafa. Aka kira mai sayarwa. Da fari ransa ya ɓaci, ya ce ana yi masa kallon macuci. Tsohon ya ce, "Alhaji, ba wanda ya ce ka yi ha'inci. Ni ma na yi gini ya yi yoyo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Aka shirya a kan abu uku. Za a gyara gangaren tsakar gida, da indararo, da ɗaurin rufi, da katangar baya kafin a tare. Za a rage kuɗi saboda rijiya. Za a kuma riƙe kashi 10 cikin 100 a hannun mutumin da su biyu suka amince da shi, har ƙarshen Satumba. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A manyan kwangiloli ma akan riƙe kashi 5 ko 10 cikin 100 har wajen wata 6 bayan an gama aiki, domin aibin da zai fito ya fito. Abin da ya kamata ka lura shi ne wa'adin ya haɗa da damina. Wata 6 na rani ba su gwada kome ba. Dattawan Kano ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'ad da ruwa ya yi ta sauka har madatsar Bagauda ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe. Ba kowace shekara ake irin wannan ba, amma kowace shekara akwai Agusta.

Cikin Agustan shekarar nan kuwa ɗakin da ke gefen tsohon kududdufin ya buɗe tsaga daga kusurwar taga. Da kuɗin da aka riƙe aka haƙa gefen aka ƙarfafa tushensa, ba faɗa, ba alƙali. Har yau abokina da mai sayarwa suna gaisawa.

To, maigida da uwargida, idan Allah ya kai ku ranar karɓar mabuɗi, ku tafi tare, ku tafi da rana, ku tafi da wanda ya san gini kuma ba shi da rabo cikin cinikin. Ku riƙe bokiti da ƙusa da fensir. Ku bi sawun ruwa daga rufi zuwa bango, daga bango zuwa tsakar gida, daga nan har kwata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gara ku san wurin tun kuɗinku yana hannunku, da ku san shi da tsakar dare kuna tara kwanoni bisa gadon yara.

Allah ya ba kowane iyali inuwar da za su kwana ciki da kwanciyar rai.